Hutun Yara: Turawa Na Neman Daji, Namu Na Kamuku Yana Nan

Na san dogon hutu ya ƙarato, domin alamunsa sun bayyana a gidana: an fara jarrabawa, fensir na ɓata ba mai nema, autata kuma ta fara tambayar ina za mu je bana. Na kuma san abin da wayarki ke nuna miki da daddare bayan kin kwantar da yara, don irinsa tawa ke nuna mini. Wata 'yar Kano a bakin teku a Italiya, ango da amarya a gindin hasumiyar Faris, wata hajiya tana shan askirim a titin Landan tana ce mana sai mun zo. Mutum ya yi tsaki ya kife wayar, can an jima ya sake ɗauka.

Sai na zauna na bi diddigin yadda su kansu Turawan ke yin hutunsu a 'yan shekarun nan. Ashe wuraren da muke mafarkin zuwa, da yawa daga cikinsu gudunsu suke yi.

Ki ɗauki Benis, garin nan na Italiya da kwalekwale ne motar hayarsa. Baƙi sun yi masa yawa, har a watan Afrilu na 2024 hukumar garin ta fara karɓar yuro 5 daga mai shigowa yawon yini ɗaya a ranakun cunkoso. Kuɗin shiga gari, kamar za a shiga gidan zu. A Basalona ta Sifaniya abin ya fi haka zafi. A watan Yuli na wannan shekarar 'yan gari suka fito zanga-zanga suna fesa wa baƙi ruwa da bindigar wasan yara, suna ce musu su koma gida, saboda masu gidaje sun gwammace su ba baƙo hayar kwana uku da su ba ɗan gari ta shekara. Magajin garin ya ce zuwa 2028 za a soke lasisin irin waɗannan gidaje, wajen 10,000. Ga kuma zafin rana. A Agustan 2021 ma'aunin zafi ya kai 48.8 a tsibirin Sisili, abin da ko a Sakkwato ba kasafai ake gani ba. A Girka, cikin Yulin 2023, sai da aka riƙa rufe tsohon ginin nan na kan dutse, Akropolis, da tsakar rana saboda kada baƙi su riƙa faɗuwa.

Wannan ya sa masu hutu da dama, musamman masu ƙananan yara, suka juya akala. Wasu sun yi arewa, Nowe da Suwidin da Finlan, neman sanyi da tafki da bishiyoyi. Wasu sun bar jirgin sama sun koma jirgin ƙasa na dare mai gadon kwana: a hau a Biyana ta Ostiriya bayan magariba, a shimfiɗa wa yara, a farka a Amstadam. Faransa ma doka ta yi a 2023 ta hana jigilar jirgin sama tsakanin wasu garuruwanta da jirgin ƙasa ke iya haɗawa cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Amma wanda ya fi ba ni dariya shi ne hutun gona. A Italiya tun 1985 suke da dokar da ta tsara shi. Iyali za su biya manomi kuɗi mai kauri ya ba su ɗaki a gidan gonarsa, yara su tashi da sassafe su watsa wa kaji tsaba, su ga yadda ake tatsar saniya, su ci abin da aka tsinko a bayan ɗaki. Da na karanta wannan sai na ce, yo ai gidan Inna ke nan. Abin da muke yi kyauta muna yara, har muna ƙorafin an hana mu barcin safe, shi ne yau ake sayarwa da yuro.

Kafin ki ce to mu ma mu je, ki lissafa. Kuɗin neman bizar Turai kaɗai, tun Yunin 2024, yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12. Na babba ɗaya ya haura naira 100,000 nesa ba kusa ba, kuma in an hana ki ba a mayar miki da ko kwabo. Cikin 'yan Nijeriya masu nema kuwa, fiye da 40 cikin 100 hana su ake yi. Ba a zo maganar tikiti da masauki ba. Wadda Allah ya hore wa ta je, tafiya mabuɗin ilimi ce, ba na hana kowa. Ni dai ba maganar tsadar ce ta hana ni barci ba. Wata magana ce da autata ta yi.

An ba su aikin gida su rubuto sunayen gandun dajin gwamnatin tarayya. Ta rubuta na tafkin Kainji, ta rubuta Gashaka Gumti, sai ta tsaya. Na ce mata ta sa Kamuku, ai na jiharmu ne, kuma garin kakanninta ne. Ta ɗago kai ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce ai Kamuku gidan ɓarayi ne, malam zai ci ta. Shekararta tara. Tun da ta fara wayo ba ta taɓa jin sunan nan ba sai a labaran rediyo, tare da adadin waɗanda aka kashe ko aka ɗauke. Ban iya yi mata faɗa ba, don iya abin da ta sani ta faɗa.

To bari in gaya miki abin da na gaya mata, ko ke ma naki ba su sani ba.

Idan kika bar Kaduna ta Mando kika yi yamma, kika wuce Buruku da Udawa da Kuriga, tafiyar kilomita 120 ko makamancin haka za ta kai ki Birnin Gwari. Dajin yana nan dab da garin. Tun 1936, zamanin En'e, aka keɓe shi a matsayin gandun daji, sannan a 1999 gwamnatin tarayya ta ɗaukaka shi ya shiga sahun manyan gandun dajin ƙasa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na jihar Zamfara, in ba don ruwan ba daji ɗaya ne. Sunan kuwa na mutane ne: Kamukawa, waɗanda su da Gwarawa suka daɗe a wannan yanki suna noma da farauta da kiwon zuma da ginin tukwane. Har yau in na ga mace ta ɗora kaya a kafaɗa maimakon a ka, sai in tuna matan Gwari da ke shigowa gari da itace ina yarinya.

Ba irin dajin da kike gani a fim ba ne, mai duhu da ruwa na ɗiga. Dajin doka ne. Doka da farar doka su ne sarakan wurin, sai maje mai tsayi, da taura, da baushe, da ƙirya, da ɗorawa, da kaɗanya da namijin kaɗe, ga tafashiya da tukurwa a bakin rafi. Da damina gamba da kyasuwa kan yi tsayin da za su ɓoye mahayin doki. Da rani bayan an yi gobarar daji, kafin ruwan farko ya sauka, doka kan fid da sabon ganye ja wur, ki hangi tudu guda kamar an shanya atamfa. Wanda bai taɓa gani ba zai zaci fure ne.

Ni sau ɗaya na shiga cikinsa sosai. Ina ƙaramar sakandare makarantarmu ta kai mu yawon buɗe ido, a bayan wata buɗaɗɗiyar mota, kowa da ƙullin dafa-duka a leda. Ma'aikacin gandun da ya yi mana jagora ya fara kai mu Tsaunin Rema. Tulin manyan duwatsu ne, wani kan wani, kamar wani ƙato ya jera su yana wasa ya manta. Ya ce mu yi shiru mu zauna. Ki san 'yan mata talatin da shiru. Amma muka daure, can sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya shan hantsi: rema, 'yar dabba kamar zomo, sai dai ba dogon kunne ba wutsiya. Malamin kimiyyarmu ya ce masana sun gano cewa cikin dabbobin da ke raye, giwa na daga cikin dangin rema na kusa. Muka kwashe da dariya, remar duk suka shige. Daga baya na bincika na ga gaskiya ya faɗa. Da na dawo gida na ba kakata labari, ita kuma ta ba ni nata: wai ranar da ake rabon wutsiya ƙyuya ta hana rema zuwa, ta ba da sautu, mai sautun ya haɗa da tasa ya yi gaba.

Daga nan muka je Goron Dutse. Ba na Kano ba, kada Kanawa su taso ni. Wannan dutse ne guda ɗaya, sumul, ya taso daga tsakiyar daji, jikinsa da zane baƙi da fari daga sama har ƙasa kamar an yi masa saƙi. Akwai kuma Dogon Ruwa, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Ranar ba mu kai can ba, yamma ta yi, aka ce sai wani zuwan. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina jiran wannan zuwan.

Giwa ba mu gan ta ba, sai sawunta a busasshiyar laka, wanda na zura ƙafafuna biyu a ciki da takalmi. Amma an san dajin da giwa da gwanki da kanki da gada da mazo da mugun dawa, ga gwaggon biri da jan biri. Tsuntsaye kuwa an ƙirga iri 177. Cikinsu akwai tuji, akwai burtu. Burtun muka gani, su biyu suna tafiyar ƙasaita a gefen hanya, baƙaƙe ƙirin, ba su ko kula mu ba. Shi ne tsuntsun da maharba ke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe cikin ciyawa, namun daji su ɗauka burtu ne ke kiwo har a matso kusa da su. Yaranmu na yau in sun san burtu to a goshin maharbi suka gan shi ranar hawan sallah, ba su san tsuntsu ne mai rai da ke da gida a jiharsu ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai ma ba wannan yawon ba ne, hutun da nake yi a ƙauyen kakata ne a gefen dajin. Farkon damina, tun kafin gari ya waye sosai, mata kan fita tsintar kaɗe da ƙwarya, mu kuma mu bi su muna tuntuɓe da barci. A ci naman kaɗen a wurin, a dawo da ƙwallon a dafa a shanya a daka, sai bayan wahala mai yawa man kaɗe ya taso fari. Wannan man shi ne kike gani a kwalaben man shafawa na Turai da sunan da ba ki gane ba, har cikin cakulan dokarsu ta yarda a sa kaɗan. Da bazara kuma ɗorawa: a sha garin, bakin kowa ya yi rawaya, kalwar ta tafi tukunyar daddawa. Taura, kanya, ɗinya, tsada, gwandar daji, kowanne da watansa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan hutu. Zuwa gida ne kawai.

Yadda abin ya ɓaci kin sani, ba sai na tsawaita ba. Ya fara da satar shanu. Dajin da ya haɗa Kaduna da Zamfara da Neja, ga Katsina kusa, ya zame wa ɓarayi hanyar da ba shinge: a sata a wannan jiha a kwana a waccan. A 2015 gwamnonin yankin suka haɗa ƙarfi aka tura jami'an tsaro cikinsa, aka ƙwato dabbobi da yawa, muka ce an gama. Ashe somin taɓi ne. Daga shanu aka koma mutane. A watan Mayu na 2018 aka kashe aƙalla mutum 45 a ƙauyen Gwaska rana ɗaya. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da rakiyar sojoji, direbobi su taru su jira a yi ayari. Manoma suka koma biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su yi shuka, su sake biya kafin su girbe, a ƙasar da masararta ke ciyar da garuruwa. A ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan waya a yankin kusan wata biyu. Ba na manta wannan lokacin, domin mahaifiyata na can, ni ina Kaduna, sai dai in je tasha in tambayi direba ko ya ga wani daga unguwarmu. Sannan ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, garin da ke kan wannan hanya da na kwatanta miki. Yara 137 suka dawo bayan kwana 17 a daji. Duk uwar da ta ga hotunan ƙafafunsu ba za ta so a yi mata maganar yawon daji ba, na sani. Ni ma sai da na yi ta jinkiri kafin in rubuta wannan.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa, a cikin binciken hutun Turawan nan na tsinto shi. Akwai wani gandun daji a ƙasar Kuroshiya, sunansa Plitvice, ki rubuta shi haka a wayarki ki ga hotuna. Tafkuna 16 ne a jere, wannan na zuba cikin wancan, ruwan shuɗi garau, an yi gadojin katako mutane na bi ta kai. Sama da mutum miliyan ɗaya ke zuwa duk shekara, har su ma sun fara kukan cunkoso. To a cikin wannan gandun ne aka fara zubar da jini a yaƙin ƙasar, ranar 31 ga Maris 1991. Masu bindiga suka riƙe shi shekara huɗu, masaukan baƙi suka koma barikin mayaƙa, mutanen ƙauyukan gefe suka yi hijira. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi da ke cikin haɗari a 1992. A Agustan 1995 gwamnati ta karɓe shi, aka bi aka tone nakiyoyi, a 1997 aka cire shi daga wancan jeri. Yarinyar da aka haifa a can a 1988, in da an tambaye ta tana 'yar shekara shida, abin da autata ta faɗa za ta faɗa. Yau wataƙila ita ke sayar wa baƙi zuma a bakin hanya, ko ta ba su hayar ɗaki. Kuma Kamuku ya kusa ninka Plitvice sau huɗu a faɗi.

Ba ina cewa labarinmu zai zama irin nasu ba ne dole. Su yaƙinsu ya ƙare da rana da wata, an san wanda ya yi nasara, hukuma ta dawo da ƙarfinta ta zauna. Namu sulhu aka yi. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka karɓi tuban wasu daga cikin 'yan bindigar, aka buɗe kasuwar kara da ta yi wajen shekara goma a rufe. Bayan nan motoci suka koma bin hanya, tirelolin shanu da na hatsi suka fara fitowa, mutane suka koma gonakin da suka bari. Wanda ya ce wannan ba komai ba ne bai taɓa kwana da takalmi a ƙafa ba. Amma ni dai zuciyata rabi da rabi take. Ina jin tambayar da matan garinmu ke yi a gidan suna da gidan biki: bindigogin suna ina? Wadda aka kashe wa miji kuma, ta gan shi wanda ya kashe a kasuwa yana cinikin sa, wa ya tambaye ta ko ta yafe? Sulhun da ya tsaya kan alƙawarin mai bindiga abin a yi ta addu'a ne, a kuma yi ta sa ido.

Don haka ki ji ni da kyau, kada wata ta ce na ce: ban ce ki ɗauki yara ki shiga dajin Kamuku hutun nan ba. Ko da wasa. Ranar da za a koma Tsaunin Rema da 'yan makaranta, ma'aikatan gandun da ke da ofis a Birnin Gwari da masarautar Mai Gwari su za su fara faɗa, kuma sai an ga manya sun je sun dawo sau da yawa. Abin da nake cewa, kafin ranar ta zo, kada mu bari yaranmu su girma ba su san akwai abin da aka ƙwace musu ba. Wanda bai san yana da gado ba ba ya zuwa neman sa. In duk 'yan shekara tara na jihar nan sun yarda Kamuku gidan ɓarayi ne, to nan da shekara ashirin, lokacin da su ne kansiloli da 'yan majalisa da malaman makaranta, ba wanda zai tashi ya ce a gyara hanyar Dogon Ruwa. Masu gawayi da masu yankan katako da masu haƙar zinariya kuwa ba sa jiran kowa. Ƙiryar da ta shekara ɗari, yini ɗaya ake mayar da ita buhu goma.

Abin da na fara yi a gidana mai sauƙi ne, ko sisi bai ci ba sai kuɗin cefane. Na je kasuwa na sayo taura da garin ɗorawa da ɗanyen man kaɗe da daddawa, na baje a tabarma, na ce kowa ya faɗi bishiyar da ta haifi abin da ke gabansa. Babban, mai shirin gama sakandare, wanda ya san sunan kowane ɗan wasan Basalona har da na benci, bai san daddawar da yake ci kullum a miya daga ɗorawa take ba. Na ji kunya, kuma kunyar tawa ce, don ni ban gaya masa ba. Yanzu muna da littafi guda da muke rubuta sunan bishiya da amfaninta, in mun gan ta a hanya ko a unguwa a ɗauki hoto a liƙa. In mun kakare sai mu kira Inna a waya, ita kuwa abin nema ya samu: tambaya ɗaya, amsar rabin awa, da tatsuniya a kai. Ki gwada da taki mahaifiyar ko surukarki. Tsofaffin nan suna ɗauke da daji guda a kansu, ba mai tambayarsu.

In kuma kina son yara su ga namun daji da idonsu bana, Yankari a Bauci tana nan, da giwayenta da gwaggon birin da ke fizge leda a hannun baƙo, da ruwan ɗumi na Wikki da yara ba sa son fita daga ciki. Rani ya fi daɗin ganin dabbobi, don da damina ciyawa kan rufe su, sai ki ajiye wannan don hutun Disamba. Ko can ma ki tambayi halin hanya kafin ki tashi.

Sai maganar zuwa garin Birnin Gwari kansa, ga wadda ke da dangi a can irina. Ni na je bayan sulhun, ni kaɗai ba yara. Abin da na yi shi zan gaya miki. Na kira gida da asuba ranar tafiyar, ban dogara da labarin jiya ba. Na shiga motar tasha da hantsi, direban da ke bin hanyar kullum. Ban sa a WhatsApp ba sai da na dawo. Na bar sarƙa da awarwaro a gida. Dawowa ma da safe, ba na yarda la'asar ta same ni a hanya. Mun wuce ƙauyukan da rufinsu ya zube, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki, mun kuma wuce wasu da aka fara yaɓe da sabuwar ƙasa, mata na shanya a bakin titi. A motar ba mai magana daga Udawa har sai da muka hango gari, sannan wani dattijo ya yi hamdala da ƙarfi, kowa ya saki numfashi, aka fara raba rake.

Yaran kuwa, ni da maigida mun yi sati biyu muna ja. Shi ya ce ba inda za su, a ɗauko Inna ta zo Kaduna kamar yadda aka saba. Ni na ce shekara nawa za mu yi ta ba da sautu kamar rema, tsohuwa ce kullum a hanya, jikokinta ba su san ƙofar ɗakinta ba. Ya ce gara rema ba wutsiya da rema ba rai. Ban da amsar wannan, don gaskiyarsa ce, kuma in wani abu ya faru ba ni da bakin da zan kalle shi. Inda muka tsaya: zai fara zuwa da kansa sati na farkon hutu ya kwana biyu ya ji bakin mutane. In hankalinsa ya kwanta, mu tafi gaba ɗaya kwana uku, cikin gari kawai, ba gona ba ƙauye, da gidan sauro da maganin zazzaɓi a jaka. In bai kwanta ba, Inna ta zo, ni kuma in yi shiru. Ke ma da naki maigidan sai ku yi naku lissafin, kada zumuɗina ya ja ki.

Autata ta riga ta kama kujerar gefen taga, tun ba a yanke ba. Littafinmu ya kai bishiya goma sha huɗu, goma sha ɗaya da hoto. Maje da baushe da doka ne babu, kuma na gaya mata doka tun daga kan hanya ake ganinta, ba sai an sauka ba. Jiya da daddare ta zo ta tambaye ni ko direba zai yarda ya rage gudu ta ɗauka. Na ce mata a wannan hanyar ba a ce wa direba ya rage gudu, sai dai ta riƙe wayar da kyau ta yi ta dannawa, in mun isa gidan Inna mu zaɓi wanda ya fito.